Inda babbar mota ta tsaya, babur ke ƙarasawa

Wanda ya zauna a bakin hanya a Dogo, garin da ke kudu da Zinder a kan titin Magaria, ba zai daɗe ba sai ya ga Hiace ta taho kanta ya yi tozo da kaya. Buhunan hatsi ne, da katifa, da jarkoki, wani lokaci har da akuya, can a saman su duka kuma ga babur a kwance, an kwance masa madubai an tamke shi da igiya. Ba lalacewa ya yi ba, lafiyarsa lau. Mai shi yana cikin motar a matse tsakanin fasinja, lissafi kawai ya yi: doguwar tafiyar kwalta ta mota ce, amma ƙauyensu ba a bakin kwalta yake ba. Daga inda za a sauke shi akwai sauran rairayi da burtali da gonaki, kuma babu direban da zai kai motar hayarsa can.

Wannan lissafin ne wasu masu hali suke yi a Amurka da Turai, sai dai su motarsu gida ce sukutum. Motar tafi-da-gidanka tana da gado, da madafa, da makewayi, da tankin ruwa, manya daga cikinsu tsawonsu yana kai mita 12 ko 13, wato kamar bas ɗin da ke jigila tsakanin Yamai da Zinder. Wani ƙiyasi na shekarar 2021 ya nuna iyalai sama da miliyan 11 a Amurka suna da irin wannan gidan tafiya, idan aka haɗa da waɗanda ake ja da wata mota, kuma akasarinsu a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su. Da sanyi ya shigo, tsofaffin da suka yi ritaya kan kwarara kudu zuwa wurare irin su Quartzsite a hamadar Arizona, su yi watanni a can.

Matsalar tana farawa ne bayan an isa masauki. An daidaita motar, an jona mata wuta da ruwa, an baza rumfa, sai uwargida ta tuna babu burodi. Shin za a naɗe gidan gaba ɗaya a tafi da shi kanti? Ko an yi hakan ma, ina za a ajiye mota mai mita 12 a tsakiyar gari?

Tsohuwar dabarar Amurkawa ita ce a jawo ƙaramar mota a baya, ƙafafunta huɗu a ƙasa, an haɗa ta da babbar da sandunan ƙarfe. A ido abin yana da kyau, amma kowane direban Damagaram da ya taɓa jan motar da ta mutu daga Tanout zuwa Zinder ya san ja ba wasa ba ne. Ƙaramar mota tana da nauyin kilo 1,200 zuwa 1,500, kuma duk lokacin da aka taka birki wannan nauyin yana turo ta gaba daga baya. Shi ya sa dokar jihohi da yawa a Amurka ta wajabta a sa wa motar da ake ja na'urar da za ta taka mata nata birkin. Sai an jona fitilunta da na babbar, sai an ƙara sarƙar tsaro. Ba kowace mota ce ma ke jawuwa haka ba: yawancin masu giya otomatik injinsu ne ke zagaya da mai a cikin giyar, in aka ja su injin a kashe sai giyar ta yi zafi ta ci kanta. Babbar fitinar kuwa ita ce baya-baya. Mota mai jan wata da ƙafafu huɗu a ƙasa ba ta ribas, domin tayoyin gaban ƙaramar sai su murɗe su lanƙwasa sandunan. Wanda ya shiga lungun da ba ya ɓullewa dole ya sauko, ya kwance motar, ya juya kowacce daban, sannan ya sake haɗawa. Ga inshora biyu, ga tayoyi huɗu suna cinyewa a banza, ga ƙarin mai a kan motar da dama can takan sha lita 25 zuwa 35 a kowane kilomita 100.

A Turai kuma doka ce ke matsa wa mutane. Lasisin tuƙi na kowa da kowa ya tsaya ne a mota mai nauyin kilo 3,500 da duk kayanta, tirelar da za a ja ba tare da wani sharaɗi ba kuma kada ta wuce kilo 750. Ga titunan tsofaffin garuruwan Italiya da Faransa da ko ƙaramar mota da ƙyar take ratsawa.

Don haka da yawa suka koma ga abin da mutumin Dogo ya daɗe da sani. Su ƙera wani dandamalin ƙarfe a bayan motar, su tura ƙaramin babur a kan falanki su hau da shi, su ɗaure. Babu abin da ke bin ƙasa a baya, ribas ya dawo, shan mai na zirga-zirgar cikin gari ya koma lita 2 ko 2 da rabi a kilomita 100.

Sharaɗin dai shi ne babur ɗin ya zama mara nauyi, kuma a nan ne mutane ke yin kuskure, can da nan. Ƙugiyar ja da ke bayan yawancin waɗannan motoci an rubuta mata za ta iya jan kilo 2,270, amma abin da za ta iya ɗauka a kanta daga sama bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, wato kilo 227. Ja daban, ɗauka daban. Sannan nauyin da aka rataya a can ƙarshen mota ba ya zama yadda sikeli ya nuna shi. Mai lambun da ya taɓa ɗiban ruwa da jigo a fadamar Korama da ke kudancin Zinder ya san yadda ɗan dunƙulen laka a ƙarshen sanda ke ɗaga guga cike da ruwa a ɗaya ƙarshen. Tayoyin bayan mota su ne gwafar jigon. A ɗauka tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 4 ne, dandamalin kuma yana mita 2 a bayan tayoyin baya. Babur mai kilo 110 da dandamali mai kilo 40 sun zama kilo 150, amma abin da zai sauka a kan tayoyin baya kilo 225 ne, tayoyin gaba kuma za su rasa kilo 75 na nauyin da ke danne su a ƙasa. Wannan mota za ta jure. To a sa babban babur irin Honda Gold Wing, wanda shi kaɗai ya haura kilo 350. Da dandamalinsa an kai 400, tayoyin baya sun ɗauki ƙarin 600, gaba ya yi sama da kilo 200. Sitiyari sai ya yi sakayau a hannu, birkin gaba ya rage kamawa, fitilu su koma haska sama, duk ramin da aka faɗa kuma ƙarfen dandamalin ne ke shan dukan ninki biyu.

Masu ƙera babura sun daɗe da gane darajar rashin nauyi. A yaƙin duniya na biyu sojojin Ingila sun yi wani ɗan mitsitsin babur mai suna Welbike, kilo 32 kacal, ana cusa shi a cikin bututun ƙarfe a jefo da laima tare da sojan da zai hau shi. A 1981 kamfanin Honda ya fito da Motocompo, babur mai naɗewa mai nauyin kilo 45, wanda aka auna shi daidai da but ɗin ƙaramar motar kamfanin mai suna City, don mutum ya ajiye mota a bakin gari ya ƙarasa wurin aiki a kansa. Bai yi kasuwa sosai ba, a 1983 aka daina yin sa. Wanda ya ci kasuwar duniya shi ne Super Cub, da aka fara a 1958, wanda zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100. Shi da jikokinsa da 'yan uwansa na Sin da Indiya, irin su Kasea da Haojue da Boxer da 'yan kabu-kabu ke hawa a Zinder, duk nauyinsu bai yi nisa da kilo 100 zuwa 120 ba. Ƙarti uku ko huɗu suna iya cira shi sama. Ba don haka ba da babu yaron motar da zai yarda ya karɓi babur a matsayin kaya.

A ƙasar Damagaram ba yawon buɗe ido ne ya kawo wannan dabara ba, neman abinci ne. Kudancin jihar Zinder, daga Dogo zuwa Bande da Wacha, ƙasar rake ce da kayan lambu saboda ruwan ƙwarin Korama ba shi da zurfi. Babbar motar da ta zo lodin rake tana tsayawa ne inda ƙasa ke da ƙarfi, don in ta kafe a rairayi da kaya a kanta an shiga uku. Ciniki kuwa a cikin lambu ake yin sa, dillali da mai saye a kan babur suke zagayawa, amalanken shanu su fito da kayan bakin hanya. Ɗan ci-rani da ya yi rani a Kano ko Legas ya tara abin da ya tara, sau da yawa babur yake saya ya ɗoro shi a mota, ya isa gida da jarin kabu-kabu a hannu. Ma'aikatan rigakafi ma haka suke yi: mota ta kai allura da ƙanƙara asibitin karkara, daga nan akwatin sanyi ya hau bayan babur zuwa rugage da ƙauyuka. Direban babbar mota da ya tanadi ɗan babur a cikin kayansa kuwa, ranar da wani ƙarfe ya karye a dajin da ke tsakanin Tanout da Agadez ba zai zauna jiran mai wucewa ba.

Kuɗin mai ya ƙara wa lissafin ƙarfi. Shekara da shekaru man da 'yan ruwa-ruwa ke shigowa da shi daga Nijeriya shi ne ke cika kwalabe a bakin hanyar Magaria, ko bayan buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin Zinder a 2011. Da shugaba Tinubu ya janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, arahar man Nijeriya ta ƙare. Gwamnatin Nijar ta sauko da litar fetur zuwa sefa 499 a Yulin 2024, kusan dala ɗari ke nan a ƙidayar Nijar, amma ko a wannan farashin wanda zai je kilomita 20 ya dawo ya san bambancin mota da babur a aljihunsa.

Inda mutanen nan suka bambanta da Bature shi ne wurin da ake ɗora babur ɗin, kuma gaskiya nasa ya fi aminci. Shi yana ajiye shi a tsaye, ƙasa-ƙasa, tayar gaba a cikin maƙali, an sa giya ɗaya, an ja madauri huɗu ta kusurwa huɗu har ƙafar gaba ta ɗan nutse, yadda ko an faɗa rami ba zai yi tsalle ya saki igiya ba. A tashoshin nan kuwa sama ake kai shi a kwantar. Yaron mota da ya san aikinsa zai ce, “Maigida, a juye man tukuna,” sannan ya rufe makunnin mai, ya tsiyaye kafireta, ya shimfiɗa tsohuwar taya ko buhu kada tanki ya lotsa, ya ɗaure ta jikin ƙarfe ba ta robar gefe ba. Wanda bai sani ba sai fetur ya riƙa ɗiga a kan katifar mutane, baƙin mai ya gangara cikin matatar iska, ruwan batir ya zubo ya ci fenti, a sauke babur a yi ta buga shi ya ƙi tashi sai an kwance fulogi. Mafi muni shi ne kilo 110 a kan rufin motar da dama ta yi lodi fiye da kima. Nauyi in ya hau sama mota takan yi tangaɗi a kwana, taya ɗaya ta fashe sai a ji labari mara daɗi. Ƙungiyar UEMOA ta kafa dokar iyakance nauyin manyan motoci tun 2005, amma sikelin ba ya duba rufin Hiace. Masu walda a Zinder da ke ƙera amalanke da ƙofofi ba za su kasa yin dandamalin baya ba, in dai za a kafa shi a jikin shasi ba a jikin bamba ba, kuma a bar lamba da fitilu a fili.

Takardu ma kaya ne. Babur ɗin da ya tsallako iyaka ba tare da takardar duwan ba yana iya tsayar da mota guda da fasinjanta a shingen jandarma. Akwai kuma wuraren da babur ɗin kansa ya zama abin tuhuma: a jihar Diffa an hana hawansa a 2015 saboda hare-haren Boko Haram, daga baya aka yi irin wannan hanin a sassan Tillaberi.

Babur bai maye gurbin mota a komai ba. Mutum biyu yake ɗauka a ƙa'ida, ko da yake a hanyar kasuwa ana ganin huɗu. Ba ya kare ruwan Agusta ko ƙurar hunturu, ba ya kai mai naƙuda asibiti cikin sauƙi, kuma wanda ya faɗi a kansa babu hular kwano jikinsa ne bodin. Ma'auratan Amurka da gwiwa ta fara ciwo, ko masu tafiya da jikoki, har gobe motarsu suke ja, kuma suna da hujja.

Yanzu a Turai da yawa sun sake sauka ƙasa, sun bar babur sun koma keke mai batir, wanda bai wuce kilo 25 ba, mutum ɗaya ke ɗaga shi, a yi masa caji da farantin hasken rana da ke kan rufin motar. Farantan sun riga sun iso ƙauyukan Dogo, su ke caja waya su ke tayar da famfon lambu. Abin da zai ba da wahala shi ne batirin: irin wannan batir ba ya shiri da zafi, yana saurin tsufa har yakan kama wuta in ya bugu ko ya gasu, a Zinder kuwa zafin watan Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40 a inuwa, balle a kan rufin mota da tsakar rana.