Taki da Jinsunan Ciyawa: Bahasin da Aka Fara a 1856

A garin Harpenden na ƙasar Ingila, arewa da birnin Landan, akwai wani filin ciyawa wanda faɗinsa bai cika kadada 3 ba, wanda tun shekarar 1856 garma ba ta taɓa shi ba, ba a kuma shuka komai a cikinsa ba, amma duk da haka malaman ilmin tsirrai suna ƙidaya shi cikin manyan hujjojinsu. Sunansa Park Grass, yana cikin gonar bincike ta Rothamsted. John Bennet Lawes, attajirin da ya fara sana'ar takin supa, shi da abokin aikinsa Joseph Henry Gilbert, su ne suka yanka filin fegi-fegi, suka riƙa zuba wa kowane fegi irin nasa takin kowace shekara, suka bar waɗansu haka nan. Maƙasudinsu kawai su san takin da ya fi ƙara ingirici.

Ba a yi shekaru da yawa ba sai wata mas'ala ta bayyana wadda ta fi ta farko nauyi. Fegin da aka bari ba taki, ko da yake abin da ake yankewa a cikinsa kaɗan ne, yana ɗauke da jinsin tsiro wajen 40, daga ciyayi masu siririn ganye, zuwa dangin wake, zuwa ganyaye masu furanni. Inda aka zuba fosfaros da fotash ba tare da naitirojin ba, dangin wake suka bunƙasa, domin Allah ya hore musu wasu ƙwayoyin halitta a ƙulle-ƙullen saiwarsu masu samo musu naitirojin daga iska. Inda kuwa aka zuba naitirojin, ciyayi suka rinjayi kowa, ingirici ya yawaita, jinsuna suka ragu. A fegin da aka daɗe ana jibga wa takin salfa har ƙasarsa ta yi tsami ƙwarai, jinsi biyu ko uku kaɗai suka saura.

Mene ne sababin wannan? Hankali zai fara raya wa mutum cewa wadatar abinci ta kamata ta wadaci kowa, alhali a nan ita ce ta kawo halaka. Bayanin shi ne, muddin ƙasa tana da ƙarancin abinci iri-iri, kowane tsiro yana da fannin da ya fi saura gwaninta: wani saiwarsa ta nutsa can ƙasa, wani yana haƙuri da ƙarancin fosfaros, wani yana yin fure ya zubar da iri kafin saura su farka, don haka babu mai iya korar wani gaba ɗaya. To, da zarar taki ya kawar da waɗannan ƙarance-ƙarance, sai takara ta tashi daga cikin ƙasa ta koma kan hasken rana, a nan kuwa doguwar ciyawa mai saurin girma ita ce da nasara, gama takan yi wa gajeru inuwa har su ƙare. A 2009 malamai a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan suka tabbatar da haka ta wata dabara mai kyau: suka zuba taki, sa'an nan suka kunna fitilu a ƙarƙashin dogayen ciyayin, sai ga shi ƙananan tsirrai ba su ɓace ba.

Mai kiwo yana iya cewa, saniya ciyawa take ci, ba lissafin jinsuna ba. Maganarsa tana da hujja a shekarar da damina ta yi kyau. Amma a Cedar Creek ta jihar Minnesota a Amurka, lokacin da fari mai tsanani ya auku a 1988, David Tilman da abokan aikinsa sun tarar filayen da suka fi yawan jinsuna su ne suka fi jurewa, suka kuma fi saurin farfaɗowa. Daga 1994 kuma suka shuka fegi-fegi da jinsi 1, 2, 4, 8 da 16, aka ga masu jinsuna da yawa sun fi ba da amfani. A ganina fa'idar tana cikin bambancin aikin tsirran fiye da adadinsu, kuma makiyayinmu ya san wannan sarai, tun da ya san gamba mai daɗaɗɗen tushe ita ke fara toho da saukar ruwan fari, kyasuwa sai ta tsiro daga iri, gadagi kuwa, ɗan dangin wake, shi ke sa dabba ƙiba. Kada dai a fahimci wannan a matsayin zargin taki, domin binciken da aka yi a Mali wajen 1980 ya nuna cewa a kudancin Sahel ƙarancin naitirojin da fosfaros ya fi ƙarancin ruwa tauye makiyaya. Illar tana ga yawansa, da kuma dogaro da iri ɗaya shekara da shekaru.

Ko abin da ya ɓace yana dawowa? Tun 1903 aka fara zuba farar ƙasa a wani sashe na fegin Park Grass don rage tsami, a 1989 kuma aka daina ba waɗansu naitirojin ɗungum. Rahoton da aka fitar a 2015 ya nuna jinsuna sun komo cikin fegin da aka janye wa takin, dangin wake ma sun sake samun wuri, in ban da inda ƙasa ta riga ta yi tsami ainun ba a kuma sa mata farar ƙasa ba, wanda a can farfaɗowar ta yi jinkiri ƙwarai.