Baƙin Malamai a Makarantun Kano: Nazari a kan Sababi da Natija

Duk wanda ya san Kano ya san cewa zuwan baƙon malami cikin ganuwarta ba sabon al'amari ba ne, domin tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda Shehu Magili ya sauka a wurinsa har ya rubuta masa risala a kan sha'anin mulki, birnin bai gushe ba yana karɓar masu ilmi daga gabas da yamma. Abin da ya sake kama a zamaninmu shi ne niyyar baƙon da irin guzurin da yake tafe da shi.

Asalin makarantar boko a nan ma ziyara ce ta haife shi. Kafin Hanns Vischer, wanda Kanawa suka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa cikin 1909, sai da ya je Masar da Sudan ya duba yadda ake karantar da 'ya'yan Musulmi a can. Amma mafi girman fa'idar wannan hanya ta Hartum ba ta bayyana ba sai 1934, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sa'ad da aka kafa makarantar koyon shari'a a cikin birni, aka ɗauko mata shaihunai daga Sudan, cikinsu har da Shehu Bashir al-Rayyah. Dalilin zaɓen Sudan kuwa biyu ne, ɗaya na zahiri, ɗaya na baɗini. Na zahiri, mutanen Sudan Malikawa ne kamarmu, kuma ƙasarsu tana bisa tafarkin alhazanmu tun ana tafiya a ƙasa. Na baɗini, Turawan mulki suna tsoron Azhar, don kada samari su sha ruwan Alƙahira su komo da zazzaɓin neman 'yanci, alhali Sudan tana ƙarƙashin idonsu.

To, ko da yake niyyar Nasara ba ta kuɓuta daga siyasa ba, natijar ta zarce abin da suka nufa. Makarantar nan, wadda aka mayar da ita Makarantar Nazarin Larabci a 1947, ita ce ta yaye alƙalai da malaman da suka riƙe Arewa. Daga cikin mutanenta aka aika wasu Bakht al-Ruda da ke Sudan a 1954 don koyon usulubin karantarwa, kamar Malam Abubakar Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, da Malam Shehu Galadanci. Kuma a cikin harabarta aka dasa kwalejin da ta girma ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Sirrin abin, a ganina, shi ne malamai aka kawo suka zauna, malamai kuma aka aika suka komo aji, sai ilmin ya yi saiwa a inda ake bukatarsa.

Baƙin yau kuwa, waɗanda ke zuwa daga jami'o'in Indiya da Kubrus da Malesiya da Masar, su zaga makarantun sakandare masu zaman kansu, su tara iyaye a zauren otal da takardu masu sheƙi, galibinsu ɗalibi suka zo nema, ɗalibin ma mai iya biya da dala. Ba na zarginsu, kasuwa ce, kuma mu muka buɗe ta: yajin aikin malaman jami'a, wanda na 2022 kaɗai ya ci wata 8, ga ƙarancin gurbin karatun likita, ga alfaharin a ce ɗan wane yana waje. Gwamnati ma ta bi sahu, tun daga ɗalibai 501 da Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya fara turawa a mulkinsa na biyu, har zuwa 1,001 da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya yi shelar turawa a 2023.

Zalunci ne a musa amfanin wannan, gama akwai 'ya'yan talakawa daga lungunan birni da suka komo likitoci da injiniyoyi, waɗanda iyayensu ba su taɓa mafarkin haka ba. Sai dai alaƙar da aka gina bisa fitar da yara rataye take da abubuwan da ba su hannun Kano. Yaƙin da ya ɓarke a Hartum cikin Afrilun 2023 ya sa an kwaso ɗalibanmu a motoci zuwa iyakar Masar, karatu ya yanke; faɗuwar naira a 2023 ɗin kuma, daga wajen 460 a dala ɗaya har ta haura 1,500 a farkon 2024, ta sa uban da ya yi lissafin shekara huɗu ya kasa cika ta biyu. Hatta makarantun Turkawa da ke nan gida ba su tsira ba, domin bayan yunƙurin juyin mulkin 2016 a Turkiyya hukumar Ankara ta nemi a rufe su, har suka sake suna.

Akwai ƙoƙari guda da ya ɗan yi kama da na mazan jiya, wato sakandaren harsuna biyu da Kano da Jamhuriyar Nijar suka haɗa gwiwa suka kafa a Yamai, inda yaran Kano ke koyon Faransanci tare da maƙwabtansu. Ita ma tana shan wahala duk lokacin da aka sake gwamnati ko aka rufe iyaka. Makarantun hukuma na cikin ganuwa kuwa, inda yara ke cunkushe a aji, wasu a ƙasa, har gwamnan jiha ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a Yunin 2024, da wuya motar baƙi ta tsaya a ƙofarsu, tun da ba su da abin saye. Da za a shimfiɗa sharaɗi cewa duk jami'ar da ta zo ɗibar ɗalibai sai ta bar malamin lissafi ko na kimiyya ya karantar shekara biyu a ɗaya daga cikinsu, ta kuma karɓi malamansu biyu ta horar, da nan take an gane mai neman zumunci daga mai neman ciniki a cikin masu ziyarar.