“Gasar Rani”: Aron Ma'ana Daga Gona Zuwa Fagen Mutum-mutumi

Manomin Tibiri, a gundumar Gidan Rumji, ya san cewa aiki ba ya ƙarewa da ɗaukewar damina. Da ruwan Gulbin Maraɗi ya janye, sai a shiga fadama. Haka abin yake a Agiye da Gazawa, inda Gulbin Kaba ya ratsa. Sunan wannan aiki noman rani, kuma daga gare shi ake iya aron “gasar rani” domin fassara wasannin da ɗalibai ke yi bayan an rufe kakar gasa.

Gasar ƙera mutum-mutumi ta FIRST, wadda aka fara a Amurka a 1992, tana buɗe kakarta a watan Janairu, ta rufe da babban karo a Afrilu. Duk da haka ƙungiyoyi sukan sake haɗuwa daga baya, kamar a gasar gayyata ta jihar Indiyana da aka saba yi a Yuli.

Dalilin bai ɓuya ba. An riga an ƙera na'urar, kuɗin shiga bai kai na kaka ba, kuma faɗuwa ba ta hana kowa cancantar baɗi. Mafi muhimmanci, manyan ɗalibai sun kammala makaranta, don haka dole ƙanana su karɓi tuƙi da gyara. Ƙungiyar da ba ta horar da su yanzu ba, za ta shiga Janairu da hannun koyo.

Aron ya dace, domin “rani” a nan ya tashi daga sunan yanayi, ya koma nufin lokacin da ke wajen kakar da aka saba.