Tsakanin Wuƙa da Tukunya: Inda Naman Kaza Ke Kwasar Cuta

Mai sayen kaza a kasuwa yakan zuba ido sosai wurin yanka: a yi bisimilla, wuƙa ta yi kaifi, jini ya tsiyaye. Da an miƙa ta ga masu figa sai ya juya ya kama hira, alhali daga nan ne ɓarnar take somawa.

Kaza mai ƙoshin lafiya tana iya ɗauke da ƙwayoyin Salmonella da Campylobacter a hanjinta, ba tare da ko gyangyaɗi ba. A kashinta suke fitowa, kuma duk abin da ya haɗa kashin da nama ya buɗe musu hanya.

A leƙa rabin gangar da ake tsoma kaji a ciki. Tun safe aka ɗora ta. Kafin azahar ruwan ya yi duhu, gashi da jini da kashi na yawo a sama, ana ta ƙara wasu kajin. Masu figa ba sa barin ya tafasa don kada fata ta saluɓe, shi ya sa zafinsa kan tsaya tsakanin digiri 50 da 60. Wuta na lafawa sai ya huce, kazar ƙarshe ta yi wanka da dattin duk waɗanda suka riga ta.

Sai fiɗa. Mai sauri yakan huda hanji, abin ciki ya malale a kan tsoka. Kazar da aka ɗura wa dusa don ta yi nauyi a hannun mai saye ta fi saurin fashewa. Masana kiwo na ba da shawarar a janye abinci awa 8 zuwa 12 kafin yanka, a bar mata ruwa kawai. Bayan fiɗar kuma, katako ɗaya, baho ɗaya na ɗauraya, ga ƙuda, a ƙulle a leda a yi ta yawon cefane cikin rana.

A rahotonta na 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa gurɓataccen abinci na kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka duk shekara, yana kashe kimanin 137,000. Ciwon Campylobacter kan ɗauki kwana 2 zuwa 5 kafin ya bayyana, don haka da wuya a tuna da kazar. Gudawa da murɗar ciki da zazzaɓi na zuwa sai a ce taifot ne, alhali ƙwayar taifot daga mutum take zuwa mutum, ba ta zama a kaza.

Dahuwa mai kyau na kashe ƙwayoyin da ke jikin kaza, muddin ba a bar ja-ja kusa da ƙashi ba, abin da kazar gashi ta fi fama da shi. Inda uwargida ta fi tuntuɓe shi ne salak: wuƙar da ta datsa ɗanyar kaza ita ke yanka kabeji da tumatir, su kuwa ba sa ganin wuta. A wanke wuƙa da katako da hannu da sabulu kafin a taɓa su, wankin kazar kuma a yi shi nesa da kwanukan cin abinci saboda fantsama.