Sujada da Ibada a Rayuwar Hausawa Kiristoci na Kudancin Katsina

A bakin Hausawa Kiristoci na yankin Musawa, Malumfashi da Funtuwa, kalmomin "sujada" da "ibada" na tafiya tare, amma faɗinsu ya bambanta. Sujada ita ce taron majami'a na ranar Lahadi, inda ake waƙa da addu'a da wa'azi. Ibada kuwa, wadda asalinta na Larabci ke nufin bauta, ta game dukan abin da bawa ke yi domin Ubangijinsa. Wannan ya dace da koyarwar Romawa 12:1, inda Manzo Bulus ya ɗauki miƙa rayuwa ɗungurungum a matsayin hadaya.

Tun da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, masu bi ke karanta wannan koyarwa a harshen da suke noma da ciniki da shi. Saboda haka manomin da ya fitar da zakkar masara ko dawa bayan girbi, da 'yan Zumuntar Mata da ke duba marar lafiya, da mai awon da ya cika mudu a kasuwa, duk suna cikin ibada.

Wannan fahimta na da nauyi a yankin da Kiristoci ba su da rinjaye. Maƙwabci Musulmi ba ya halartar sujadar Lahadi. Abin da yake gani shi ne biyan bashi, cika alkawari da zuwa ta'aziyya. Da waɗannan yake auna bangaskiyar maƙwabcinsa.