Idan Shafin Hajarki Ya Fito Ba Ado

A Damagaram, wasu masu sayar da jakunkuna da takalman fata na kasuwar Dole suna tallata hajarsu a intanet. Amma wani lokaci shafi kan buɗe ba launi ba tsari, mai saye ya zaci damfara ce, ya wuce.

Sau da yawa laifin mai gadi ne. A kwamfutar da ke ɗauke da shafin, fayil ɗin .htaccess ke tsaron ƙofa. In an tsananta masa doka, sai ya tare fayilolin CSS masu yi wa shafi kwalliya.

Hajiya, kada ki biya kuɗin sabon shafi. Ki sa mai gyara ya buɗe adireshin CSS ɗin kai tsaye. In lambar 403 ta fito, dokar zai sassauta.