Inda Aka Ɗauki Fim da Inda Aka Haifi Labari

Daga cikin al'adun da zamani ya zo da su akwai wata wadda in aka ba dattijon ƙauye labarinta sai ya yi jim kafin ya gaskata, ita ce mutum ya tara kuɗinsa shekara guda cur, ya hau jirgin sama ya ƙetare teku, alhali ba fatauci ya kai shi ba, ba neman ilimi ko sada zumunci ba, burinsa kawai ya taka da ƙafarsa wurin da aka ɗauki wani fim na almara, ya bi bayan ja-gora yana nuna masa ga inda jarumi ya tsaya, ga inda dodo ya ɓullo, ga ƙofar da aka ƙwanƙwasa da tsakar dare. Wannan ziyara ta zama sana'a babba a wasu ƙasashe, har garuruwan da a da ba a san sunansu ba sun wayi gari suna ci daga gare ta.

Mafi shahara a cikinsu wata gona ce ta tumaki kusa da garin Matamata a ƙasar Niyu Zilan, wadda ma'aikatan mai shirya fim Peter Jackson suka hango daga sama a shekarar 1998 suna neman inda za su gina ƙauyen wasu gajerun mutane na cikin fim ɗin The Lord of the Rings. Aka haƙa gefen tuddai, aka kakkafa ƙofofi masu zagaye, kuma da aka sake gina wurin domin finafinan The Hobbit sai aka yi shi da kayan da za su daɗe, aka bar ramuka 44 tsaye. A yau ba a barin baƙo ya shiga shi kaɗai. Ana haɗa mutane rukuni-rukuni, ja-gora ya wuce gaba, a yi kamar awa biyu ana tafe yana bayani, kuma a cikin bayanin nasa ba ya ɓoye cewa mafi yawan ƙofofin nan babu ɗaki a bayansu, itacen da ke bisa tudun ma ƙirar hannu ne, ganyensa ɗaya bayan ɗaya aka ɗaura. Mutane suna jin haka, amma sha'awarsu ba ta raguwa, domin abin da suka zo nema shi ne su haɗa abin da ido ya gani a majigi da abin da tafin ƙafa ya taɓa, wato dai gani ya kori ji. A Tunisiya kuma akwai Matmata, wadda sunanta ya kusa zama ɗaya da na waccan, inda Barbarawa suka daɗe suna haƙa gidajensu cikin ƙasa don gudun zafi. A ɗaya daga cikin gidajen, wanda ya zama masaukin baƙi na Sidi Driss, aka ɗauki wani sashe na Star Wars a 1976, har yau masoya fim ɗin suna zuwa su kwana a ciki.

Mu ma a Nijar ba mu rasa ɗanɗanon wannan ba. Wanda ya taɓa shiga tsohon garin Agadas a zamanin da baƙi ke tururuwa ya san cewa, bayan an nuna masa hasumiyar babban masallaci da fadar Sarkin Abzin, sai yaran gari su ja shi ta lunguna zuwa gidan da ake kira gidan mai burodi, mai adon bango na ban mamaki, su gaya masa a nan Bernardo Bertolucci ya ɗauki wani yanki na fim ɗinsa The Sheltering Sky da ya fito a 1990.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba Agadas ba ne, ƙasar Kurfai ce, wadda al'amarinta ya zo a juye. A can Matamata wuri ne na gaske aka ɗora masa labarin ƙarya, duniya ta taso tana kallonsa. A Kurfai kuwa labari ne na gaske, wanda aka yi fim a kansa ya kewaye duniya, har gobe ana koyar da shi a jami'o'in Turai da Amurka, sai dai an ɗauki fim ɗin a wata ƙasa mai nisa, mahaifar labarin kuma tana nan shiru, 'ya'yanta da yawa ba su ma san an yi ba.

Ga yadda abin yake. Matafiyin da ya bar Yamai ya nufi arewa maso gabas, ya wuce Baleyara da Bonkuku, bayan kamar kilomita 180 zai isa Filinge, wadda ke zaune a bakin Dallol Boso, wannan tsohon kwarin kogi da ruwansa ya ƙafe tun dubban shekaru, ya bar rairayi da itatuwan gawo da goriba da rijiyoyi marasa zurfi, da duwatsu tsaye a gefensa kamar ganuwa. A wani ƙauye na wannan ƙasa ta Kurfai, Shikal, wajejen shekarar 1925, wasu sababbin iskoki suka bayyana a wurin wasan bori, a kan wata mata mai suna Shibbo, wadda ake ambaton mahaifinta Ganji tare da ita a cikin riwayoyin. Iskokin ba irin waɗanda aka gada ba ne. An ce daga Bahar Maliya suka zo, kuma in sun hau mutum sai ya miƙe ya ƙame kamar soja, ya yi ta fareti, yana sara wa 'yan'uwansa, yana ba da oda da gurɓataccen Faransanci, yana riƙe wuta ba ta ƙona shi. A cikinsu akwai Gwamna, akwai Janar, akwai Kofur mai gadi, akwai Likita, akwai Alƙali, wato dukan ma'aikatan mulkin Nasara sun dawo sun zama aljannu. Mutane suka kira su Babule, wasu suka ce Hauka, sunan nan na biyu shi ya bi duniya.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai wasa ne na jahiliyya, me ya haɗa shi da tarihi? Faransawa ba su ɗauke shi wasa ba. Zamani ne na haraji mai nauyi da aikin tilas da ɗibar samari zuwa soja, kuma Sarkin Kurfai na lokacin, Gado Namalaya, da ƙarfin Nasara yake mulki, talakawa da yawa ba su gamsu da shi ba. Sai matasa maza da mata suka yi ta shiga wannan ƙungiya, suna ƙin biyan haraji, suna ƙin fita aikin tilas, har wasu suka bar garuruwansu suka kafa nasu zama a daji. Kwamandan da ke Yamai, Horace Crocicchia, ya sa aka kamo su da dama, aka tsare su, aka azabtar da su don su furta cewa babu wani abu wai shi Hauka, daga baya kuma, da al'amarin ya sake tashi a 1927, aka fitar da shugabanninsu daga ƙasar. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai: ba a daɗe ba sai ga wani sabon iska ya bayyana, mai zafin rai da zagi, sunansa Korsasi, ana yi masa laƙabi da Kwamanda Mugu. Mutumin da ya yi rantsuwar kashe abin, shi kansa aka mayar ɗaya daga cikinsu, ya zauna a bakin talakawa da sunan da suka zaɓa masa.

Daga Kurfai abin ya bazu cikin Zabarmawa, 'yan ci-rani suka ɗauke shi zuwa kurmi, zuwa ƙasar da ake kira Gana a yau, inda suke dako da aikin ma'adinai da gonakin koko. A can ne Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi kafin ya koma ɗaukar hoton majigi, ya same su, suka gayyace shi taronsu na shekara a wata gona a bayan Ankara, babban birnin ƙasar, a 1954. Fim ɗin da ya fito daga wannan yini, Les Maîtres fous, gajere ne, bai fi kimanin rabin awa ba, amma ya tayar da ƙura. Ana ganin mutane idanu a juye, kumfa na fita a baki, ana fasa ƙwai a kan gunkin Gwamna don kwaikwayon farin gashin da ke bisa hularsa, ana yanka kare ana ci. Da aka nuna shi a Paris, malaminsa Marcel Griaule ya ce a lalata shi, ɗaliban Afirka da ke wurin suka fusata suna ganin an tozarta baƙar fata, Turawan Ingila kuma suka hana nuna shi a ƙasar da aka ɗauke shi domin sun gane da su ake. Duk da haka ya ci lambar yabo a Venis a 1957. Sunan da Rouch ya ba shi yana da fuska biyu, yana iya nufin gwanayen hauka, yana iya nufin iyayengijin da suka haukace, kuma mai hankali ya san su wa ake nufi da na biyun.

Irin wannan rabuwa tsakanin mahaifar labari da wurin ɗaukarsa ta sake faruwa da Sarauniya ta Lugu a ƙasar Arewa, wadda ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafinta, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, amma a Burkina Faso aka ɗauke shi.

To, a ganina, ziyarar ƙafa da ta cancanci a kafa a Kurfai ta fi ta Matamata ma'ana nesa ba kusa ba. Da za a fara ta a Filinge ranar Lahadi, ranar kasuwa, lokacin da Kurfayawa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani ke cakuɗuwa a kara, ana cinikin jajayen shanun Azawak irin waɗanda ake kiwo a Tukunus, da baƙo ya fara fahimtar cewa ƙasa ce ta mahaɗar al'ummu, inda sabon abu ke saurin samun masauki. Daga nan a bi da shi unguwar ma'aikatun hukuma, a gaya masa yadda Nasara suka kafa bariki a garin tun farkon mulkinsu, yadda ake tara haraji, ta ina ake kora mutane zuwa aikin hanya. Sa'an nan a kai shi ƙofar fada, domin adalci bai yarda a ji riwayar ɓangare ɗaya ba: zuriyar sarauta suna da nasu bayani game da halin tsaka mai wuya da kakansu ya sami kansa a ciki, tsakanin bindigar Nasara da kukan talakawa, kuma wajibi ne a saurare su da ladabi. Bayan haka a ɗauki hanyar Shikal a mota ko a amalanke, a sauka a bakin gari a shiga da ƙafa, a fara da gaisuwa wurin mai gari kamar yadda al'ada ta tanada, in dattawa sun yarda su nuna abin da suka ga dama su nuna, abin da suka ɓoye kuma a bar musu.

A nan ne matsayin ja-gora yake bayyana, kuma shi ne ruhin al'amarin gaba ɗaya. A Matamata akwai ƙofofi da gadoji da ido zai kalla ko da ja-gora bebe ne. A Shikal babu komai sai fili da rairayi da inuwar itace, wanda bai sani ba zai wuce bai waiwaya ba, sai an sami mai cewa nan ne, kuma ga wanda ya gaya mini, shi ma ga wanda ya gaya masa. Malamanmu na hadisi sun daɗe da koya mana cewa darajar labari tana ga isnadinsa, kuma wannan ƙa'ida ita ce za ta raba ja-gora na ƙwarai da mai shirya ƙarya don ya faranta wa baƙo rai ya karɓi kuɗinsa. Ya kamata ya iya rarrabewa a fili: wannan na ji daga bakin kakata, wannan na karanta a rubutun masanin tarihi Finn Fuglestad wanda ya bincika takardun Faransawa, wannan kuwa faɗar mutane ce kawai.

Na san akwai wanda zai ji nauyin wannan magana a zuciyarsa saboda addini, kuma ban raina damuwarsa ba. Hukuncin bori a shari'a sananne ne, malamai sun yi bayaninsa tun kafin a haife mu, ni kuma ba ina kira a raya shi ba ne, balle a tara 'yan bori su yi wa baƙi wasa don kuɗi, wanda hakan cin mutunci ne ga addini da ga su kansu mutanen. Amma sanin abin da ya auku daban, aikata shi daban. Talakawan da ba su da bindiga, ba su da jarida, ba su da wakili a majalisa, sun ɗauki abin da ke hannunsu sun nuna wa azzalumi kamanninsa, har ya firgita ya aiko da soja. Wanda ya shafe wannan daga tarihin Kurfai don kunya, ya shafe ɗaya daga cikin turjiya ta farko da aka yi wa mulkin mallaka a yammacin Nijar bayan an ci ƙasar.

Gaskiya ne halin tsaro a jihar Tilaberi cikin 'yan shekarun nan bai bar hanyoyi yadda aka san su ba, kuma babu mai hankalin da zai ce a kira baƙi daga Turai yanzu. Sai dai baƙon farko da wannan ziyara ke bukata ba Bature ba ne, ɗan makarantar sakandare ne na Filinge, da malamin tarihinsa, da ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni da ya zo hutu gida. Waɗannan ba sa bukatar jirgi ko masauki, abin da suke bukata littafin rubutu ne da wayar da za ta naɗi murya, da izinin iyaye. Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu na 2004, aka binne shi a Yamai, waɗanda suka ga Shibbo da idonsu a farkon al'amarin kuwa ƙasa ta rufe su. Saura 'ya'yansu da jikokinsu, waɗanda suka ji daga baki na farko, su ma furfura ta gama kama su, kuma mafi yawansu da hantsi ake samunsu zaune a ƙofar gida, kafin rana ta take.